Torakusu Yamaha: Mai gyaran agogon da dillalan littattafai suka buɗe wa kasuwa

Da wuya a samu wani gari a arewacin Nijeriya da ba a san sunan Yamaha ba. Wani a jikin babur ya san shi, wani a jikin janareta, wani kuma a injin kwale-kwale, yayin da matasan da suka taso da finafinan Hausa na shekarun 1990 suka san shi a jikin fiyanon nan na lantarki da ake haɗa kiɗa da shi a situdiyoyin Kano. Sai dai kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa sunan wani mutum ne, kuma mutumin bai taɓa ƙera babur ba, domin ya rasu shekara 39 kafin babur na farko mai ɗauke da sunansa ya hau titi. Sana'ar da ya rayu a kanta, ya kuma mutu yana yinta, ita ce ƙera ogan da fiyano da neman wanda zai saya.

Idan aka tashi ba da tarihin Torakusu Yamaha, akan tsaya ne ga hazaƙarsa da nacinsa. Ko shakka babu yana da su duka biyu. To amma a ganina rabin labarin ke nan. Sauran rabin yana hannun wasu masu shagunan littattafai biyu, ɗaya a Tokyo ɗaya a Osaka, da kuma dubban makarantun firamaren da gwamnati ta ce sai an koyar da waƙa a cikinsu.

An haife shi a shekarar 1851 a gidan wani ƙaramin samurai, wato ɗaya daga cikin baraden da ke yi wa sarakunan Japan hidima, a masarautar Kishu, yankin da ake kira Wakayama a yau. Aikin mahaifinsa a fada shi ne lissafin taurari da awo, saboda haka yaron ya buɗe ido ne a tsakiyar na'urorin auna abubuwa. Yana ɗan shekara 17 aka yi juyin 1868, wanda ya kawo ƙarshen mulkin shogun ya mayar da iko ga Sarki Meiji. A shekarar 1871 aka rushe masarautun gaba ɗaya, zuwa 1876 kuma aka daina biyan barade albashin gadon da suka saba karɓa. Dubban 'ya'yan manya suka wayi gari ba gado ba sana'a. Torakusu ya nufi Nagasaki, tashar jiragen ruwan da Turawa suka daɗe suna shiga, ya koyi gyaran agogo a hannun wani Baturen Ingila. Ya gwada kafa sana'ar agogo ta ƙashin kansa, abin bai yi albarka ba, sai ya koma gyaran kayan aikin asibiti a Osaka. Wannan aikin ne ya kai shi Hamamatsu a tsakiyar shekarun 1880, ƙaramin gari a kan tsohuwar hanyar Tokaido wadda ta haɗa Tokyo da Kyoto. A lokacin ya haura shekara 30, ba shi da suna, ba shi da jari.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya san abin da ke faruwa a makarantun ƙasar. Dokar ilimi ta 1872 ta sa waƙa cikin darussan firamare, amma aka jingine ta saboda babu malamai, babu littattafai, babu kayan kiɗa. Wani jami'in ilimi mai suna Isawa Shuji, wanda ya yi karatun koyarwa a jihar Massachusetts ta Amurka, shi ya ɗauki nauyin cike wannan giɓi. Aka kafa masa ofishin binciken kiɗa a 1879, ya gayyato malaminsa Luther Whiting Mason daga Boston a 1880, suka shirya littattafan waƙoƙin yara bisa tsarin sautin Turawa. Malamin da ya tashi da kiɗan gargajiya ba zai iya riƙe wannan baƙon sauti da ka ba, sai da abin da zai riƙa ja masa gora. Fiyano ya yi tsada, ya yi nauyi. Abin da ya dace shi ne ƙaramin ogan mai zugazugi, wanda ake taka fedarsa da ƙafa, iska ta bi ta kan wasu siraran harsunan tagulla su fitar da sauti. Daga Amurka ake shigo da shi, kuma makarantar da ta samu guda ɗaya ta zama abin kwatance.

A shekarar 1887 irin wannan ogan na makarantar firamaren Hamamatsu ya lalace. Ƙirar kamfanin Mason & Hamlin ne, an saye shi yen 45, kuɗin da ya kai albashin watanni da dama na malamin firamare. Babu mai gyaransa a garin, sai aka kira mai gyaran kayan asibiti. Ya buɗe shi ya tarar sifirin biyu ne kawai suka karye. Ya gyara, amma kafin ya mayar da murfin sai da ya zana duk abin da ke ciki, gaɓa-gaɓa. Bisa labarin da kamfanin ya adana, lissafin da ya yi a lokacin ya nuna masa cewa da yen 3 zai iya haɗa irinsa. Ya nemi wani maƙerin kayan ado mai suna Kawai Kisaburo, suka shafe kimanin wata biyu suna aiki har suka fitar da nasu.

Ogan ɗin ya yi ƙara, amma bai yi kiɗa ba. Mutanen gari ba su yaba ba, sai Yamaha ya yanke shawarar kai shi wurin Isawa a Tokyo, tafiyar kusan kilomita 250, a lokacin da layin dogo bai iso Hamamatsu ba. Nan ne aka samu hoton da kamfanin ya fi alfahari da shi har yau: mutum biyu sun rataya ogan a sanda, sun saɓa a kafaɗa, suna hawan duwatsun Hakone. Hukuncin Isawa bai yi daɗi ba. Ya yaba aikin katako da na ƙarfe, amma ya nuna cewa sautukan ba su daidaita ba, don haka ba za a iya koyar da yara da shi ba. Mai gyaran agogo ya kwaikwayi duk abin da ido ke gani, ya bar abin da kunne kaɗai ke ji, wato tazarar da ke tsakanin wannan sauti da wancan, wadda ake samu ta hanyar kankare harshen tagulla kaɗan-kaɗan har ya zauna daidai. Isawa ya ba shi izinin zama a aji yana saurare. Ya yi wata guda yana koyon ƙa'idar sauti da yadda ake saita shi, ya koma gida ya sake ƙera wani, wannan karon aka amince cewa zai iya maye gurbin na waje.

Yawancin masu ba da labarin a nan suke tafawa su tashi. Amma akwai wata gaskiya da ba a cika ambata ba: ba Yamaha ne ya fara ƙera ogan a Japan ba. Nishikawa Torakichi na Yokohama ya riga shi da kimanin shekara uku, kuma yana zaune a tashar jiragen ruwa inda Turawa da kayan gyara suke. Ta kowace fuska shi ya kamata ya ci kasuwar. Amma a shekarar 1921 kamfanin Yamaha ne ya haɗiye na Nishikawa. Dalilan suna da yawa, sai dai babba daga cikinsu shi ne wanda ya samu masu sayar masa da kaya tun da wuri.

Amincewar Isawa ta haɗa Yamaha da mutanen da ke hulɗa da makarantu. Na farko shi ne Shirai Renichi, mai kamfanin Kyoeki Shosha a Tokyo, wanda ke buga littattafan makaranta. Na biyu shi ne Miki Sasuke na Osaka, magajin wani shagon littattafai da aka kafa tun 1825, wanda ya fara sayar da ogan a 1888. Suka raba ƙasar biyu, Shirai ya ɗauki gabas, Miki ya ɗauki yamma. A duba hikimar da ke cikin wannan. Mai sayar da littattafan makaranta ya riga ya san kowane hedimasta da kowane jami'in ilimi na lardi. Ya san lokacin da ake sakin kuɗin makarantu, ya san wanda ke biya a kan kari da wanda sai an yi ta sintiri. Yana da ƙananan wakilai a garuruwan da mai ƙira bai taɓa jin sunansu ba. Jakar da ke kai littafin waƙa ita ce za ta kai takardar farashin ogan, kuma duk littafin waƙar da aka sayar talla ce ga abin da za a rera ta da shi. Miki ya ƙware a wannan fanni, domin a shekarar 1900 ya buga wani littafin waƙar yara a kan tashoshin jirgin ƙasa wanda ya game ƙasar baki ɗaya. Shi da Shirai ne kuma suka tallata gogen Turawan da Suzuki Masakichi ke ƙerawa a Nagoya.

Wanda bai taɓa leƙa wannan kasuwa ba zai ɗauka aikin dillalin kayan kiɗa bai wuce karɓar kuɗi da miƙa kaya ba. Ba haka abin yake ba. Kayan kiɗa ba gishiri ba ne da za a auna a ba ka ka tafi. Sai an kaɗa wa mai saye ya ji, sau da yawa ma sai an koya masa yadda zai taɓa. Sai an ɗaure kayan a akwati an kai shi ƙauye ba tare da ya tsage ba. Idan damina ta sauka katako ya kumbura, madanni ya maƙale, ko ɓera ya huda zugazugi, ba masana'anta za a rubuta wa takarda ba, wurin dillali za a koma. Shi ne ke ba da bashi ya jira, shi ne ke sayen kaya da yawa ya ajiye a sito, wanda hakan ke bai wa mai ƙira kuɗin biyan ma'aikata kafin a sayar da ko guda. Shi ne kuma kunnen masana'anta, domin daga bakinsa ake jin wane samfuri ne ke tafiya da wanda ake dawowa da shi. Mai ƙirar da ba shi da irin wannan mutum, komai kyan hannunsa, zai ƙare ne yana yin guda-guda yana jiran mai wucewa.

Gwamnati ma ta taka tata rawar, amma ba ta hanyar da muka saba ji ba. Ba ta hana shigo da ogan na waje ba, kuma ko ta so ba ta da iko, saboda yarjejeniyoyin da ƙasashen Yamma suka ɗora mata sun daskarar da harajin shigo da kaya a kusan kashi 5 cikin 100, ba ta samu cikakken 'yancin sa nata haraji ba sai 1911. Abin da ta yi shi ne samar da mai saye. A 1891 ta fitar da ƙa'idar bukukuwan ƙasa a makarantu wadda ta haɗa da rera waƙoƙi, a 1907 kuma darasin waƙa ya zama dole a firamare. Makarantun nan sun haura 20,000. Ba zan ɓoye ba, manufar ba ta rasa siyasa, domin waƙoƙin bukukuwan na cusa biyayya ga sarki ne, kuma kayan kiɗan gargajiya irin su koto da shamisen an bar su a wajen aji na tsawon zamani. Amma ta fuskar ciniki, an samu kasuwa tabbatacciya wadda mai araha da inganci zai ci.

Nan ne nake tuna masu gyaran rediyo da injin markaɗe da ke cike kasuwanninmu. Da yawansu za su iya abin da Yamaha ya yi a 1887, su buɗe na'ura su zana ta su haɗa irinta, kuma ana ganin irin waɗannan ƙere-ƙere a duk bikin baje koli. Abin da ba a cika gani ba shi ne jami'in da zai gaya wa mai ƙirar gaskiya cewa kayansa bai kai ba, sannan ya ba shi kujera a aji, da kuma ɗan kasuwar da zai ce a yi masa guda 50 ya biya rabin kuɗi.

Duk da wannan, tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. A 1889 aka yi wa masana'antar rajista da kuɗin masu zuba jari, amma a 1891 suka janye dukiyarsu, kamfanin ya rushe. Yamaha da Kawai Kisaburo suka sake tayar da shi da abin da ke hannunsu. Sai a watan Oktoban 1897 aka kafa Nippon Gakki, wato kamfanin kayan kiɗan Japan, da jarin yen 100,000, Yamaha yana shugabansa. Shekara guda bayan haka aka yi masa tambari mai ɗauke da ƙarfen nan mai baki biyu da masu saita fiyano ke bugawa su ji sautin awo. Guda uku na wannan ƙarfe ne a gicciye ake gani a tankin babur har yau, abin da ya fi kowane gaya mana inda ya taɓa jin kunya.

Burinsa na gaba shi ne fiyano, kuma tsakanin ogan da fiyano akwai tazara mai nisa. Fiyano yana da madannai 88 da tsirkiyoyin ƙarfe sama da 200, waɗanda jimillar ɗaurinsu ke kusan tan 20, shi ya sa ake zuba masa ƙashin baya na narkakken ƙarfe. Kowane madanni yana da 'yar guduma mai kan ulu wadda za ta bugi tsirkiya ta janye nan take, kuma wannan sashe kaɗai ya ƙunshi dubban ƙananan gaɓoɓi. Katakon da ke amsa sautin sai an busar da shi na dogon lokaci, in ba haka ba ya tsage. A 1899, da goyon bayan ma'aikatar ilimi, Yamaha ya tafi Amurka shi kaɗai ya yi wata biyar yana zagaya masana'antu, ciki har da Kimball a Chicago, da Mason & Hamlin waɗanda kayansu ya fara buɗewa, da Steinway a New York. Ya riƙa rubuta abin da ya gani kullum, ya sayo injuna da kayan haɗi.

Ya iske cinikin fiyano a Amurka yana ganiyarsa, ana ƙera sama da 150,000 a shekara. Shi kansa W. W. Kimball da dillanci ya fara a Chicago a 1857, ya daɗe yana sayar da kayan wasu kafin ya kafa tasa masana'anta. Wakilai na ɗora fiyano a keken doki suna bi gida-gida a ƙauyuka, a ajiye wa manomi ya gwada, ya biya kaɗan-kaɗan duk wata, mai saiti kuma ya riƙa zagayowa. Japan ta lokacin ba ta da masu kuɗin da za su ɗauki irin wannan ciniki. Nippon Gakki ya fitar da fiyano na tsaye a 1900, da babba na kwance a 1902, ya kuma samu lambar girmamawa a baje kolin duniya na St. Louis a 1904, amma a zamanin Yamaha fiyano kayan manyan makarantu da attajirai ne. Ogan ne ke ciyar da ma'aikata, tare da kayan ɗaki na katako da aka fara yi a 1903, da ƙaramin abin busa na baki da aka fara a 1914, wanda ya samu kasuwa sosai da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya toshe kayan Jamus.

Wani abu da ya iya shi ne gane yaro mai hannu. Kawai Koichi, ɗan wani mai ƙera amalanke, wanda ba shi da dangantaka da Kisaburo sai ta suna, ya shigo masana'antar yana ɗan shekara 11, ya zama ƙashin bayan aikin haɗa gudumomin fiyano a cikin gida maimakon sayo su daga waje. Game da dillalai kuwa, da ƙafarsa ta yi ƙarfi Yamaha bai yarda ya dawwama a hannunsu ba. Kafin rasuwarsa kamfanin ya saye sashen kayan kiɗa na Kyoeki Shosha ya mayar da shi reshensa na Tokyo. Wani zai kira wannan butulci, wani ya kira shi hangen nesa. Ni dai na fi ganinsa a matsayin shaidar cewa mutumin ya gane inda ƙarfin sana'ar yake.

Ya rasu ranar 8 ga Agustan 1916 yana da shekara 65. Shekara goma bayan haka yajin aikin kwana 105 ya girgiza kamfanin, a 1927 kuma Kawai Koichi ya fita da wasu abokan aikinsa suka kafa kamfanin Kawai a garin na Hamamatsu, wanda ya zama babban abokin hamayya. Ƙwarewar sarrafa katako ta kai Nippon Gakki ga ƙera farfelar jirgin sama daga 1921, injunan aikin farfela kuma su aka juya aka fitar da babur na farko a 1955, ƙarƙashin Kawakami Genichi. Shi ne kuma ya buɗe azuzuwan koya wa yara kiɗa daga 1954, dabarar da ta maimaita abin da Isawa da Miki suka yi, wato a koya wa mutum kiɗa kafin a nuna masa farashi. Zuwa shekarun 1970 babu kamfanin da ya kai shi yawan ƙera fiyano a duniya, a 1987 kuma aka sauya masa suna zuwa Yamaha. Shagon Miki kuwa bai shiga hannun kowa ba. Yana nan a Osaka yana sayar da fiyano, kuma a 2025 ya cika shekara 200 da kafuwa.